COPASI, Cytoscape ko SimBiology: wanne ya dace da aikinka?

Duk lokacin da ɗan masters ya tambaye ni wace manhaja zai sauke don aikin hanyoyin sadarwar cikin ƙwayar halitta, ni ma tambayarsa nake yi: hoto kake so ko lissafin yadda abu ke canzawa da lokaci? Don wallahi mutane da yawa a nan suke ɓata wata guda a banza.

In abin da ke hannunka jerin furotin ne ko jerin ƙwayoyin gado da gwaji ya fitar, kana son ganin wa ke hulɗa da wa, to Cytoscape ne naka. Kyauta ne, an fara shi a Institute for Systems Biology da ke Seattle a Amurka tun wajen 2002, kuma da ƙarin stringApp za ka jawo bayanan STRING, wato ma'ajiyar bayanan hulɗar furotin da ke intanet, kai tsaye. Amma fa zane ne da nazarin alaƙa, ba zai gaya maka yawan wani sinadari bayan minti goma ba, kuma da yake kan Java yake tafiya, in hanyar ta yi girma ƙaramar lafto sai ta fara nishi.

In kuwa lissafin kake so, ni COPASI nake ba kowa shawara ya fara da shi. Pedro Mendes da Ursula Kummer ne suka jagoranci aikinsa, ya gaji wata tsohuwar manhaja mai suna Gepasi, kyauta ne, baya buƙatar intanet bayan ka sauke, wanda ba ƙaramin abu ba ne in kana zaune inda wuta da data suke wasa da kai. Ka shigar da matakan sinadaran da saurin kowanne, shi zai haɗa maka lissafin ODE da kansa, wato lissafin yadda yawan kowane sinadari ke canzawa da lokaci, in ƙwayoyin sinadaran kaɗan ne ka juya zuwa hanyar Gillespie mai lissafi da yiwuwar faruwar kowane mataki, har ma zai iya ƙiyasta maka lambobin da ba ka sani ba daga sakamakon gwajinka, wannan ɓangaren shi ne ya sa nake sonsa. Fuskarsa dai ba kyau, kamar ta tsohuwar kwamfuta, amma aiki yake yi.

SimBiology na manhajar lissafi ta MATLAB yana da daɗin amfani musamman a lissafin yadda magani ke yawo a jiki, sai dai lasisinsa da dala ake biya, in jami'arku ba ta saya ba ka manta kawai. Wanda ya iya Python ya duba Tellurium na ɗakin binciken Herbert Sauro a Jami'ar Washington, har a Google Colab yana tashi. CellDesigner na Japan kuma don zana hanyar da kyau ne a takarda. VCell ya fi ƙarfi in wurin da abu yake a cikin ƙwayar yana da muhimmanci, amma manyan lissafinsa a sabarsu ta Connecticut ake yi, sai da intanet.

Kafin ka zaɓi ko wanne, ka tabbata yana karanta fayil ɗin SBML, wato tsarin da waɗannan manhajoji ke musayar samfurin lissafi da shi, kuma yana fitar da shi. Ka shiga BioModels, ma'ajiyar samfuran lissafi da ke intanet, ka sauke samfurin da aka riga aka wallafa kusa da naka, ka buɗe shi a COPASI ka ga ko zanen da ya fito ya yi daidai da na takardar da aka wallafa shi a ciki.