Ƙaramar Mifi da babbar rauta: wacce ta fi riƙe sabis a gidana

Tun ƙarshen shekarar 2023 nake da na'urar intanet biyu a gida, kuma duk wanda ya shigo falona ya gan su sai ya tambaye ni wacce zai saya. Ɗaya ƙarama ce mai batir, wadda ake kira Mifi, tana shiga aljihun riga. Ɗayar babbar rauta ce mai eriya biyu, ba ta tashi sai an jona ta da wuta. Duka biyun 4G ne, a kasuwar Farm Centre da ke nan Kano na saye su, kuma kowane layi suna ɗauka. Sim ɗaya nake cirewa daga wannan in sa a waccan, don kada in ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba.

Ni ba gudu ne ya dame ni ba. Lissafin wasu shaguna nake riƙewa daga gida, 'yata tana darasi ta intanet, kuma duk daren Juma'a Hajiya tana kiran bidiyo da ƙanena da ke Madina. Abin da nake nema shi ne idan an fara magana a gama ta ba tare da hoto ya daskare ba.

Da Mifi na fara, kuma watannin farko na ji daɗinta ƙwarai. A ɗauke wuta, a kawo, babu ruwanta, batir ɗinta yana kai ni awa biyar zuwa shida. Da zafin Afrilu ya kama, sai halinta ya fito. Wajen ƙarfe biyu na rana idan ka taɓa ta kamar an sauke ta daga kan murhu, daga nan sai ta fara sakin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Alamar Wi-Fi tana nan a cike a waya, amma saƙon WhatsApp ya tsaya da ɗan agogon nan, ba ya tafiya. Sai na kashe ta, na bar ta ta huce, sannan ta dawo daidai. Idan wayoyi suka wuce biyar a kanta, ko da sanyin safiya haka take yi. Ga shi ba ta ƙetare bango biyu, ɗakin Hajiya da ke ƙarshen tsakar gida sai dai a kai mata ita har bakin gado.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na ga murfin bayanta ya ɗago. Na buɗe, sai ga batir ya kumbura kamar burodi. Mai gyara ya gaya mini abin da ya jawo: barin ta a caji dare da rana, ga zafin gari a kai. Duk mai irin wannan na'ura ya riƙa duba bayanta, idan batir ya kumbura a cire shi nan take, kada a ci gaba da caji, musamman a gidan da ke da yara.

Ita babbar rautar, makon farko haushi ta ba ni. Da an ɗauke wuta ta mutu, idan aka tada janareta kuma sai ta ɗauki kusan minti biyu kafin fitilunta su gama kamawa. Ko wuta ta ɗan yi ƙyafta ido, ta sake farawa daga farko. Sau biyu hakan ya katse wa 'yata darasi ana tsaka da bayani. Maganin ya zo da sauƙi: a jikin cajarta an rubuta volt 12, sai na sayi ƙaramin UPS, wato na'ura mai batir da ke ci gaba da ba da wuta idan an ɗauke, mai fitar da volt 12 na sa a tsakani. Tun daga ranar, ɗauke wuta ya daina shafar ta, tana yin sa'o'i a kan batir ɗin kafin a tada inji.

Daga nan ne bambancin ya bayyana sosai. Wayoyi takwas da kwamfuta ɗaya suna kanta, ba ta sakin kowa. Tana yin mako biyu, uku, ban taɓa makunninta ba. Na shiga shafin saitinta ta burauza na duba ƙarfin sabis, lambar da suke kira RSRP. A kan teburin falo Mifi tana nuna wajen -108, rautar kuma -99 a wuri ɗaya. Da na mayar da rautar kan wata kanta kusa da tagar da ke kallon ƙarfen sabis na unguwarmu, ta koma -90. A wannan ma'auni, duk lambar da ta fi matsowa sifili ita ce mai kyau. Saitin nata kuma yana ba ni damar zaɓar zango, wato mitar da take kama sabis a kai. Zangon 800 MHz ya fi ratsa bulo, na 2600 ya fi gudu amma bango yana cinye shi. Gidana rufin kwano ne, kewaye da katangun maƙwabta, don haka na kafe ta a kan 800, na haƙura da ɗan gudun da na rasa. Kwamfutar aikina kuma na ja mata waya kai tsaye daga bayan rautar, abin da Mifi ba ta da mashigarsa.

Akwai abin da babu wadda ta iya magancewa. Daga bayan sallar isha'i zuwa sha ɗayan dare, lokacin da duk unguwa ta hau intanet, duka biyun suna jan ƙafa, domin cunkoson a ƙarfen sabis yake. Sai dai rautar tana rage gudu ne kawai, ita kuwa Mifi takan yanke gaba ɗaya. Haka ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, na yi ta canza sim tsakaninsu ina zargin na'ura, sai daga baya na ji labarin a rediyo.

Da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, na ƙara sa ido, domin fayil ɗin da ya yanke a tsakiya sai an sake tura shi, data biyu ke nan a kan aiki ɗaya. A kan rautar da wuya hakan ta faru da ni.

Ga mai iyali da ke zaune wuri ɗaya, rautar nake ba shi shawara, amma ya haɗa kuɗin UPS a lissafinsa tun farko, ya kuma duba volt ɗin cajar kafin ya saya. Mifi ɗin na sa mata sabon batir, tana cikin durowa a kashe. Idan tafiya ta kama ni zuwa Zariya ko ƙauye, ita nake jefawa a jaka.