Bic Cristal, Biron da Ya Gaji Aikin László Bíró

Duk ƙarshen zangon karatu, kafin in zauna duba takardun jarrabawar ɗalibaina, nakan biya shagon kayan rubutu in sayi biro guda shida, ja uku da shuɗi uku. Na gwada iri-iri cikin shekarun da na yi ina koyarwa, kuma wanda hannuna ya tsaya a kansa shi ne Bic Cristal, mai jikin roba garau da murfi mai launin tawadar da ke cikinsa. Dalilina bai wuce ɗaya ba: idan na kama shi nakan manta da shi gaba ɗaya, hankalina ya koma kan amsar da yaro ya rubuta.

Duk wanda ya ɗauke shi ya dube shi da kyau zai ga cewa babu abin da aka saka masa don ado. Jikinsa gefe shida gare shi kamar fensir, don haka ba ya gangarowa daga tebur ko da teburin ya ɗan karkace, kuma da yake ana hango bututun tawadar ta cikinsa, mutum ya san lokacin da ya kamata ya tanadi wani. Ɗan ƙaramin hujin da ke gefen jikin yana daidaita iskar ciki da ta waje domin tawada ta riƙa sauka ba tare da tsiyaya ba. Shi kuwa hujin da ke saman murfin, wanda aka fara yi a 1991, an yi shi ne domin idan yaro ya haɗiye murfin iska ta sami hanyar wucewa. Ni da nake ganin yadda ɗalibai ke tauna murfin biro lokacin jarrabawa, wannan tanadin ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Asirin biron yana bakinsa, inda wani ɗan ƙwallo mai faɗin milimita 1 yake juyawa cikin gurbinsa, yana ɗebo tawada daga sama yana shafa ta a takarda. Wannan dabara ita ce gadon mutumin da muke kiran sunansa kullum ba tare da mun sani ba, domin kalmar biro daga sunan László Bíró ta samo asali. An haife shi a Budapest, babban birnin Hungari, ranar 29 ga Satumba, 1899, kuma ɗan jarida ne wanda alƙalamin zamaninsa ya dama, mai shan tawada mai ruwa-ruwa da ke jinkirin bushewa tana ɓata takarda. A maɗaba'a ya lura cewa tawadar buga jarida tana bushewa nan da nan, sai dai kaurinta ya hana ta bin bakin alƙalami. Maimakon ya tsinka tawadar, sai ya sauya bakin, ɗan'uwansa György kuma, wanda ya san haɗa sinadarai, ya taimaka masa wajen samar da tawada mai kaurin da ya dace. Sun yi rajistar ƙirƙirar tasu a 1938.

Ba shi ne ya fara tunanin ƙwallo a bakin alƙalami ba. Tun 1888 wani Ba'amurke mai suna John Loud ya yi rajistar irin wannan alƙalami don yin alama a jikin fata, amma bai yi kyau a takarda ba. Abin da Bíró ya yi shi ne daidaita ƙwallo da tawada har suka yi aiki tare.

Bíró Bayahude ne, saboda haka tsanantawar da aka yi wa Yahudawa a Turai ta sa ya bar ƙasarsa, ya ƙarasa Ajantina a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A can ya sake yin rajista a 1943, kuma shi da abokinsa Juan Jorge Meyne suka fara sayar da alƙalamin da sunan Birome, haɗin sunayensu biyu, wanda har yau mutanen Ajantina ke kiran biro da shi. Rundunar sojan sama ta Birtaniya ta karɓe shi saboda yana rubutu a can sama inda alƙalami mai shan tawada yake zuba. Bíró ya rasu a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, a 1985, kuma ƙasar tana bikin ranar masu ƙirƙira a ranar haihuwarsa.

Sai dai biron farko kayan masu hali ne. Wanda wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai suna Milton Reynolds ya fara sayarwa a kantin Gimbels na New York a watan Oktoba na 1945 dala 12.50 ne kuɗinsa. Marcel Bich, mai masana'anta a Clichy kusa da Paris, shi ne ya sayi izinin amfani da ƙirƙirar Bíró, ya tace aikin ƙwallon da na'urori masu auna abu daidai, ya fito da Cristal a watan Disamba na 1950, ya kuma cire harafin ƙarshe na sunansa ya zama Bic. Zuwa 2006 an sayar da guda biliyan 100. A ganina Bíró ya warware matsalar rubutu, Bich kuma ya warware ta aljihu, shi ya sa ɗan aji ɗaya da shugaban makaranta suke riƙe da abu iri ɗaya.

Wajen aiki, abin da na fi yaba masa shi ne juriya. Ana ƙiyasta cewa biro ɗaya zai ja layin kilomita 2 ko fiye, kuma abin da na gani bai saɓa wa hakan ba, domin jan biro guda yakan kai ni ƙarshen takardun aji biyu. Da zarar bakinsa ya taɓa takarda yake kamawa, ko da ya yi makonni a aljihun tebur, kuma rubutunsa yana fita sarai a takardar kwafi mai kabon da ake yin rasit da ita, domin bakin yana jure dannawa.

Yana da iyakarsa, kuma adalci ne a faɗe ta. Jikinsa siriri ne mai tauri, babu wani laushi a wurin riƙo, don haka mai rubutun sa'o'i zai so ya riƙa hutar da yatsunsa. Tawadar mai maiƙo tana buƙatar a ɗan danna, ba ta sulɓi irin na biron zamani mai tawada ruwa-ruwa. Haka kuma layinsa kauri ɗaya ne ko'ina, saboda haka mai son rubutun ajami ko na Larabci mai fitar da kauri da siranta ba zai sami biyan buƙata ba. Wannan aikin alƙalamin kara ne da aka fiƙe da wuƙa, kuma ƙwallo ba zai taɓa maye gurbinsa ba.

Abin da ya kamata mai saye ya kula da shi shi ne jabu, domin kamannin biron suna da sauƙin kwaikwayo. Na taɓa sayen irinsu a hannun wani mai talla a tasha, ɗaya ya ƙafe tun tawadarsa ba ta kai rabi ba, ɗayan kuma ya zube mini a aljihun farar riga cikin zafin bazara. Tun daga ranar nake dubawa in ga tambarin kamfanin ya fito tsaf a jiki da murfi, in kuma ja layi a takarda kafin in biya. Mai ƙananan haruffa zai fi jin daɗin ɗan'uwansa mai jiki ruwan lemo, wanda bakinsa ya fi siriri, amma don duba jarrabawa, cike fom da rubutun yau da kullum, Cristal nake ba ɗalibaina shawarar su saya, su kuma riƙe guda biyu ranar jarrabawa.