Middlemarch: Dorothea da dukiyar da ta rasa inda za ta kai ta

Middlemarch na George Eliot littafi ne mai kauri, babi 86, kuma ana samunsa kyauta a Project Gutenberg, inda na sauke nawa a waya. George Eliot sunan alƙalami ne. Marubuciyar mace ce, Mary Ann Evans. Ya fito kashi-kashi a 1871 da 1872, amma labarin ya koma baya shekara arba'in, wani gari a Ingila daga 1829 zuwa 1832, lokacin da ake ja-in-ja kan gyaran dokar zaɓe, layin dogo kuma yana kunno kai.

Dorothea Brooke ce ta riƙe ni. Marainiya ce a gidan baffanta, ba ta cika ashirin ba, tana da gadon fam 700 duk shekara, ga kyau, ga manema. Duk wannan bai kwantar mata da hankali ba. So take ta yi wani abu mai amfani, sai ta zauna tana zana wa talakawan ƙauye fasalin gidaje, mutanen gida suna kallon abin kamar wasan yara. Don haka ta auri Casaubon, malamin coci da ya kusa haifarta, a zatonta za ta taya shi rubuta gagarumin littafinsa. Tun a Rum, suna cikin amarci, ta gane littafin ba zai taɓa kammaluwa ba.

Wurin da ya fi burge ni ɗan ƙarami ne. Da ta zagaya ƙauyen Lowick, inda gidan Casaubon yake, ta tarar mutanensa ba su cikin ƙunci, sai ta ji ba daɗi, don babu wanda za ta taimaka wa, kuma ta ji kunyar hakan. Marubuciyar tana ƙaunar yarinyar, amma ba ta rufa mata asiri.

Babukan siyasar baffan nata sun gajiyar da ni, Turancin ma na da ne, jimla ɗaya sai ta ci rabin allon waya. Will Ladislaw kuwa, ɗan'uwan Casaubon da ta aura bayan rasuwar mijin, ta bar dukiyar saboda mamacin ya saka sharaɗi a wasiyya cewa in ta auri Will za ta rasa ta, ban ga abin da ta gani a jikinsa ba. Da ta ba likita Lydgate fam 1,000 ya fita daga ƙangin bashin Bulstrode, mai banki a garin, na fi ganin ta samu abin da take nema.