Sharhi Kan Hidimar Gwajin Ƙasa da Zaɓen Irin Shinkafa a Yamai

Duk manomin shinkafa da ke aiki a filayen ban-ruwa na bakin kogi, daga Saga har zuwa Kollo, ya san farin gishirin da ke fitowa saman ƙasa da zarar ruwa ya janye, ya kuma san yadda bakin ganyen dashe ke ƙonewa kamar an hura masa wuta. Akwai wani kantin kayan noma a Yamai wanda, ban da sayar da iri da taki, yake auna gishirin ƙasa da na ruwa kafin ya ba da shawara, kuma a ganina hidimar ta cancanci kuɗinta.

Ma'aikacin ya jiƙa ƙasar da na ɗebo daga kusurwoyin fage, ya tsoma mata wata 'yar na'ura, sannan ya yi bayani dalla-dalla. Shinkafa na fara asarar amfani idan gishirin ƙasa ya haura maki 3 a ma'aunin gishiri da ake kira dS/m, kuma kowane ƙarin maki ɗaya na cinye kimanin kashi 12 cikin 100 na girbi. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne bayaninsa kan lokaci: ƙwayar iri na iya tsirowa cikin gishiri, amma shukar tana rauni ƙwarai tana ƙarama, da kuma lokacin fure, inda zangarniya kan tsaya cak babu nauyi, sai ƙaiƙayi.

Game da bambancin iri, bai yi ƙarin gishiri ba. Ya ce masu juriya, irin su Pokkali na jihar Kerala a Indiya, suna hana gishiri hawa zuwa ganye, sai dai suna da tsawo, suna kwanciya, amfaninsu kuma kaɗan ne. Shi ya sa cibiyar binciken shinkafa ta duniya, wato IRRI, da ke ƙasar Filifin take haɗa su aure da iri masu yawan haihuwa. Ya kuma faɗa mini kai tsaye cewa idan ba a yashe magudanan ruwa ba, babu irin da zai ceci fage, alhali wannan magana ba ta kawo masa ciniki.

Inda kantin ya gaza shi ne buhunan irinsa ba su ɗauke da rubutu kan juriyar gishiri, sai an dogara da bakin mai sayarwa. Irin mai juriya kuma kan ƙare da wuri, don haka ya kamata manomi ya kai ƙasarsa gwaji tun kafin lokacin yafa iri.