Hobbywing QuicRun WP 10BL60 da moto 3652: ya dace da zafin Sakkwato?

Ga mai motar rimot mai girman 1/10 da motonsa ya ƙone, wannan haɗin na moto da na'urar sarrafa gudu ya cancanci kuɗinsa. Na'urar sarrafa gudun tana ɗaukar amfiya 60, tana aiki da batirin LiPo 2S ko 3S (mai sel biyu ko uku), kuma a rufe take ruf, abin da ke taimakawa sosai lokacin ƙurar hunturu.

Wurin da ake kuskure shi ne zaɓen KV, wato yawan juyin da moton ke yi a minti ɗaya kan kowane volt. Mai 4000KV ya fi gudu, amma a watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ga yashi yana riƙe tayoyi, nan da nan yake ɗaukar zafi. Mai 3250KV ya fi lafiya a nan, musamman da 3S. Bayan minti biyar a taɓa moton. In yatsa bai jure daƙiƙa uku ba, a canza ƙaramin giyan da ke kan sandar moton da wanda haƙoransa suka ragu da biyu. Kaurin sandar moton milimita 3.175 ne, a duba giyar kafin saye.

Aibin moton ɗaya: ba shi da sensa mai gane matsayin juyinsa, don haka yakan yi ɗan fizga wajen tashi a hankali. In yana juyawa ta baya maimakon gaba, a musanya biyu cikin wayoyi ukun da ke haɗa shi da na'urar.