Gargaɗi ga masu son sauya rediyon mota a Maradi

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke tallar rediyon mota mai allo a zaurukan WhatsApp na garin nan, yana cewa kayan Dubai ne da suka shigo ta Kwatano. Ba shi da shago. Yau ya ce a haɗu bakin Babbar Kasuwa, gobe ya ce hanyar Dan Isa. Masu tsofaffin Corolla, Starlet da Carina yake farauta, waɗanda rediyonsu har yanzu kaset take ci.

Kwali ya sha sunan Pioneer ko Sony, abin ciki kuwa jabu ne. Zai taɓa allo ya nuna maka ma'ajiya 64GB, ka ga lamba da idonka ka yarda, alhali manhajar aka gyara take faɗin ƙarya. Zuba mata karatu da waƙoƙi, kafin ka kai 16GB ta cije. Ƙarfin sauti wat 60 sau huɗu da ke jikin kwalin ma kada ya ruɗe ka; ko rediyo ta gaske, in ba a sa mata amfili (na'urar ƙara ƙarfin sauti) daban ba, da ƙyar take ba kowace lasifika wat 20.

Babbar ɓarnar wajen haɗawa take. Rediyon zamani wayar wuta biyu gare ta: ruwan ɗorawa tana zuwa batir kai tsaye don riƙe tashoshi da agogo, ja kuma sai an murɗa makulli take samun wuta. Shi mai tallar don sauri sai ya murɗe su wuri guda ya jona wa batir, babu fiyus, ya naɗe da leda. Rediyo ba ta ƙara barci ke nan, ko an zare makulli tana shan batir. Ƙanena mai taksi ya ba shi jika 45, bayan kwana kaɗan kullum da asuba sai yaran unguwa sun tura masa mota. Da mai gyaran wuta ya buɗe tablo, sai ga soket ɗin asali an datse shi da almakashi, alhali akwai ɗan mahaɗin wayoyi mai suna ISO da ake sawa ba a yanke komai ba.

Tsohuwar rediyon kuma mai tallar ya sa ta a jaka, wai ta mutu, zai jefar. Ina! Ta asali tana da masu saye, musamman dillalan da ke son mota ta fito kamar yadda ta zo. Ya ci kuɗinka, ya ci kayanka, lambarsa kuma a kashe.

Kada ku tura wa kowa kafin alƙalami don hoton da kuka gani a waya. A kawo rediyon garejin mai wutar da kuka sani, shi ya haɗa da hannunsa. A zare makulli ku tabbata rediyon ta mutu, a ba ku rasit mai sunan shago, tsohuwar rediyonku kuma ta koma but ɗinku. Wanda mutumin nan ya taɓa, ya adana hotunan hirarsu ya kai komisariya. Ƙanena ya riga ya kai nasa.