Gore ko Lamu: wanne tsibiri za a kai iyali?

Malam, ka tambaya tsakanin tsibirin Gore na Senegal da Lamu na Kenya wanne ya fi dacewa ka kai iyali. Kwanakin da kake da su ne za su raba gardama: Gore yini guda ya ishe shi, Lamu kuwa sai an kwana.

Gore na gaban Dakar, tafiyar kusan minti 20 a jirgin fito, kuma tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba. Abin da ke kai mutane can shi ne Gidan Bayi, da ƙofarsa da ke fuskantar teku. Masana tarihi na jayayya kan yawan bayin da aka fitar ta nan, amma ɗakunan da aka tsare mutane sun isa su sanyaya maka jiki. A tsibirin ne kuma makarantar William Ponty ta zauna, inda Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, ya yi karatu. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Bakin ruwansa dai ɗan ƙarami ne, kada a je don wanka.

Lamu kuwa gari ne na Musulmin Suwahili da ake ta harkokin yau da kullum a cikinsa. Lungunansa sun yi wa mota ƙunci, jaki ne abin hawa da dako, ga ƙofofin katako masu sassaƙa a gidajen dutsen murjani. Akwai ganuwar da aka kammala wajen 1821, da Masallacin Riyadha na Habib Saleh, wanda Mauludinsa ke tara jama'a daga ko'ina a gabashin Afirka. Ka taka zuwa Shela, rairayin bakin teku ya miƙe kusan kilomita 12, kuma kwalekwale zai ƙetara da ku kufan Takwa a tsibirin Manda. Abinci na halal ne, Hajiya ma ba za ta ji baƙunta da mayafinta ba.

Sai dai a bi ta sama a sauka Manda, domin hanyar mota ta sha fama da harin Al-Shabab.

In dama kana da niyyar ziyarar Kaulaha, ka ware wa Gore yini guda a Dakar, ga shi mai fasfon Najeriya ba ya neman biza. In hutu ne takanas da yara, ni Lamu zan ce, kuma ka daidaita tafiyar da watan Rabi'ul Awwal.